Me ya kai Yahudawa fagen damben boksin, me kuma ya fitar da su?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya. Ya ce ya ci karo da wani tsohon hoto marar launi na ɗan damben boksin, a cinyar wandonsa an ɗinka tauraro mai tsini shida, aka ce masa Bayahude ne kuma zakaran duniya ne a zamaninsa. Shi kuwa iyakar abin da yake ji game da Yahudawa bai wuce boko da kasuwanci da siyasa ba. Ya ce: "Da gaske sun taɓa yin dambe har suka yi suna? In haka ne, ina suka shige yanzu?"

Malam, da gaske ne, kuma ba mutum ɗaya ko biyu ba ne. Masu bin tarihin wasan sun ƙirga zakarun duniya Yahudawa 26 tsakanin 1910 da 1940, lokacin da ba a kai ga raba kambu gida huɗu ba kamar yadda hukumomin dambe na WBA da WBC da IBF da WBO suka yi yau. A ƙarshen shekarun 1920 babu wata al'umma a Amurka da ta fi su yawan masu cin abinci da dambe. Ka lura kuma, kusan duk wannan ya faru ne tun kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Labarin baƙi ne 'yan ci-rani a lungunan Landan da Niyok da Shikago. Abin da ya kai su fage shi ne abin da yake kai kowa: yunwa, da unguwar da yaro ba ya fita aike sai da shirin faɗa. Ni dai a tsawon shekarun da na yi ina bin wannan wasa, ban ga ɗan mai hali da ya ɗauki dukan fuska sana'a ya daɗe a kai ba sai ɗai-ɗai.

Daga Landan abin ya faro. An kori Yahudawa daga Ingila a 1290, ba su dawo ba sai wajen 1656, kuma dawowar ba ta sa an ɗauke su da daraja ba. A ƙarni na 18 yawancinsu talakawa ne a gabashin birnin, masu tallar gwanjo da lemo a titi. Duk ɗan iskan da ya ga dama sai ya finciki gemun dattijo ya yi gaba, ba mai ce masa don me. A cikin wannan hali aka haifi Daniel Mendoza a 1764, daga zuriyar Yahudawan da suka gudo daga Sifaniya da Fotugal. Damben lokacin da tsirarar hannu ake yi, ba safa, ba ajin nauyi. Turmi ba ya ƙarewa sai wani ya faɗi, sannan a ba shi daƙiƙa 30 ya tashi ya dawo tsakiyar fage, in ya kasa ya sha kaye. Ƙarti biyu sukan kafe ƙafa su yi ta jibgar juna, ja da baya kuwa abin kunya ne. Mendoza bai wuce kilo 73 ba. Da ya biye wa wannan musayar da tuni an gama da shi, sai ya zo da abin da 'yan kallo suka fara kira tsoro: ya goce gefe, ya tare naushi da dantse, ya zungura da hagu ya janye, ya bar ƙato ya yi ta dukan iska har numfashinsa ya ƙare. A 1787 ya buge Sam Martin, wani mahauci ɗan garin Bath (ka ga ko a Ingila ba a bar mahauta a baya ba a harkar dambe), nasarar da ta sa Yarima mai jiran gado ya san da zamansa. Tsakanin 1788 da 1790 ya kara sau uku da Richard Humphries, ya faɗi a na farko ya ci biyun baya. Kafin kowane karo sukan yi ta aika wa juna wasiƙun gori a jarida, jama'a na karantawa suna zuba caca, ana tallata abin a matsayin Kirista da Bayahude. Shi ma bai ɓoye ba, da sunan "Mendoza Bayahude" yake shiga fage. Ya rubuta littafin koyon dambe a 1789, ya buɗe makaranta, zuwa 1792 an yarda shi ne zakaran Ingila.

Yadda ya rasa kambun ma abin ji ne. A 1795, a Hornchurch, John Jackson wanda ya fi shi tsawo da nauyi nesa ba kusa ba, ya ga ba zai kamo shi da gudu ba, sai ya cafki dogon gashinsa da hannu ɗaya ya yi ta narka masa naushi da ɗayan. Dokar lokacin ba ta hana ba. Mendoza ya rasu a 1836 cikin bashi da talauci, kamar yadda galibin 'yan dambe suke ƙarewa. Amma ya bar abu biyu: salon kare kai da duk wani mai horarwa yake koyarwa har gobe, da kuma sauyin da Francis Place, wani tela ɗan gwagwarmaya na Landan, ya rubuta cewa ya gani da idonsa, wato bayan samarin Yahudawa sun koyi dambe, zagin Bayahude a titi ya zama abin da sai mutum ya yi tunani sau biyu. Bayan Mendoza aka yi Samuel Elias, wanda aka fi sani da Dutch Sam, shi ake danganta wa naushin nan da ke tasowa daga ƙasa ya sami haɓa.

Babban labarin dai a Amurka yake. Bayan kashe Sarkin Rasha Alexander na biyu a 1881, aka shiga kai wa ƙauyukan Yahudawa hare-haren gayya a daular. Daga wannan shekara zuwa 1924 kimanin miliyan biyu suka tsallaka teku. Yawancinsu suka zube a kudu maso gabashin tsibirin Manhattan na birnin Niyok, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, uba da uwa da 'yan mata duk a bakin keken ɗinki tun asuba har dare a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Titi ɗaya na 'yan Ayalan ne, na gaba na 'yan Italiya, kowa da iyakarsa. Yaron da zai je makaranta ko gidan wanka na gwamnati dole ya ratsa ta unguwar wasu. Wanda ya iya hannu a titi, wata rana wani zai ja shi gefe ya ce akwai kulob a lungu kaza, turmi huɗu kawai, za a ba ka abin da babanka ba ya samu a mako. Dole ƙanwar na ƙi.

Iyayen ba su so ba sam. A tarbiyyar da suka zo da ita, darajar ɗa namiji karatu ne, zubar da jinin mutum don kuɗi kuwa aikin 'yan tasha ne. Wannan ne ya sa za ka sha wahalar gane su ta suna. Alexander Rudolph ya zama Al McCoy, ya ci kambun matsakaita nauyi a 1914 da kisa a turmin farko. Vincent Scheer ya zama Mushy Callahan. Louis Wallach, wanda da kuɗin dambe ya yi karatun likitan haƙori, ya zama Leach Cross: da rana ya gyara haƙoran wasu, da dare ya zubar da na wasu. Dalili biyu ne, kada uwa ta ga sunan ɗanta a jarida, sannan a lokacin 'yan Ayalan ne ke jan 'yan kallo, sunansu ke sayar da tikiti. Da Yahudawa suka cika kujerun kallo sai lissafin ya juya, aka daina ɓoyewa, aka fara ɗinka tauraron nan da ka gani a hoto.

Tun kafin wannan guguwar akwai Joe Choynski na San Francisco, wanda a 1901 ya kwantar da wani matashi baƙar fata mai suna Jack Johnson a turmi na uku a Galveston. Dambe haramun ne a jihar Texas a lokacin, aka kama su duka biyu aka kulle a ɗaki ɗaya sama da mako uku. A nan cikin kurkuku Choynski ya zauna ya koya wa Johnson yadda ake kare kai. Shekara bakwai bayan haka Johnson ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kambun masu nauyi na duniya.

In za ka riƙe suna ɗaya tak a wannan tarihi, riƙe Benny Leonard. Sunansa na yanka Benjamin Leiner, an haife shi a Niyok a 1896. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, ranar da asirinsa ya tonu a gida, ya shigo da kumburarren ido uwarsa na kuka, sai ya ajiye wa mahaifinsa dala 20. Tsohon ya juya kuɗin, ya dube shi, ya tambaye shi yaushe ne wasa na gaba. A watan Mayu na 1917 ya karɓe kambun ajin kilo 61 daga hannun Freddie Welsh, ya riƙe shi har 1925. Ba ƙarfi ne makaminsa ba, ko da yake yana da hannu. Mutum ne mai karanta abokin karawa kamar allo: ya lura da ƙafar da kake dogara da ita, ya yi maka ƙaryar hagu sau biyu, na uku dama ce. Yakan shiga fage da gashinsa a kwance luf da mai, kuma abin alfaharinsa shi ne ya fito ba wanda ya hargitsa shi.

Wanda ya kusa hargitsa shi ɗan'uwansa ne Bayahude, Lew Tendler, bahago daga Philadelphia wanda ya taso yana tallar jarida. A karonsu na 1922, a turmi na takwas, Tendler ya same shi da hagu, gwiwoyin Leonard suka saki. Duk wanda ya taɓa shan irin wannan naushi ya san abin da ake ciki: ƙafa ba taka ba, kunne na ƙara, fitilu sun zama biyu-biyu. Maimakon ya faɗi, sai ya rungume Tendler ya shiga yi masa surutu a kunne. Tendler ya tsaya mayar da magana, daƙiƙun da zai ƙarasa aikin suka wuce, kan Leonard ya washe. Da aka sake haɗa su a Yuli 1923 a sabon filin Yankee, mutum kusan 58,000 suka biya kuɗi don kallon 'ya'yan baƙi biyu masu nauyin kilo 61, kuma a wannan karon Leonard ya gama nazarin bahagon, ya cinye shi da maki a turmi 15. Ya ajiye dambe a 1925, ya ce roƙon mahaifiyarsa ya bi. Rushewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta cinye dukiyarsa, ya dawo fage da tumbi da sanƙo, wani matashi ɗan asalin Ayalan, Jimmy McLarnin, ya tsayar da shi a turmi na shida a 1932. A Afrilun 1947 yana alƙalancin wasa a zauren St. Nicholas na Niyok zuciyarsa ta buga, ya faɗi a cikin igiya, a nan rai ya yi halinsa.

Shi McLarnin ɗin nan ya zame wa unguwannin Yahudawa ƙarfen ƙafa. Ya kwantar da Sid Terris da Ruby Goldstein da Al Singer ɗaya bayan ɗaya, har jaridu suka laƙaba masa sunaye marasa daɗin ji na mai karkashe Yahudawa, masu shirya wasa kuwa suna murna don irin wannan gaba ita ke cika zaure. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Wanda ya zo shi ne Barney Ross.

Ross ɗan malami ne. Mahaifinsa masanin Talmud ne, kundin shari'ar Yahudawa, yana riƙe da ɗan shagon kayan masarufi a unguwar titin Maxwell ta Shikago, kuma burinsa yaron ya gaje shi a karatu. Ya sha gaya masa cewa faɗa ba nasu ba ne. Yaron yana da shekara 14 ko ƙasa da haka 'yan fashi suka harbe uban a cikin shagon. Uwar ta zauce, aka kai ƙannensa gidan marayu. Yaron da ake shirin naɗa wa rawanin malanta ya koma yawon titi da 'yan daba, daga nan ya faɗa dambe da niyya ɗaya, ya tara kuɗin da zai dawo da ƙannensa gida, kuma ya dawo da su. A 1933 ya doke Tony Canzoneri ya haɗa kambu biyu a dare ɗaya, a Mayun 1934 ya hau ajin kilo 67 ya doke McLarnin. Sun kara sau uku, turmi 45 cif, Ross ya ci biyu. Ka tuna a wane lokaci ne wannan: Hitila ya hau mulki a Jamus a Janairun 1933, a Amurka ma akwai masu hawa rediyo suna zagin Yahudawa. Ga mai guga a shagon ɗinki wanda ya tara kuɗin tikiti da ƙyar, ganin ɗan malami yana ɗaga hannu a tsakiyar fage ba ƙaramin abu ba ne.

Wasan Ross da na fi komawa kallo shi ne wanda ya faɗi, na 31 ga Mayu 1938 da Henry Armstrong. Tun daga wajen turmi na biyar ƙafafunsa suka mutu, Armstrong kuwa ba ya gajiya, ya sa kai a ƙirjinsa yana ta sassaƙa. Ido ya rufe, baki ya fashe. Mutanen kusurwarsa suka so jefa tawul, alƙali ya zo ya duba shi, ya roƙe su su bar shi ya ƙarasa a tsaye, ya yi alkawarin ba zai sake dambe ba. Ya kai turmi 15, ya cika alkawari. A wasa 81 ba wanda ya taɓa kwantar da shi har a ƙirga goma. Da yaƙin duniya na biyu ya zo ya shiga sojan ƙundumbala na ruwa yana da shekara sama da 30, ya kwana guda a rami a tsibirin Guadalcanal yana kare abokansa da aka raunata, aka ba shi lambar yabo. Allurar mofin da aka yi ta yi masa a asibiti ta zame masa jaraba har ya koma shan muguwar ƙwayar heroin, ta cinye abin da ya tara. Da ƙafarsa ya kai kansa asibitin gwamnati na Lexington a 1946, ya rabu da ita. Ya rasu a 1967.

Ban ga hoton da ka gani ba, amma in mutumin ƙato ne mai faɗin kafaɗa da murmushi, to wataƙila Max Baer ne, kuma a nan akwai 'yar magana. Baer ya sa tauraron ne a karonsa da Bajamushe Max Schmeling a filin Yankee ranar 8 ga Yuni 1933, ya tsayar da shi a turmi na goma, a shekara ta gaba ya zama zakaran masu nauyi bayan ya lallasa Primo Carnera. Sai dai ta wajen uba kawai yake da jinin Yahudawa, su kuwa a shari'arsu ta wajen uwa ake bin jini. Ana danganta wa mai horarwa Ray Arcel cewa da aka tambaye shi ko Baer Bayahude ne, sai ya ce ya gan shi a ɗakin wanka, ba Bayahude ba ne, wato ba shi da kaciya. A ganina rabi talla ce rabi zuciya, don ya ci gaba da sa tauraron har ya bar dambe. Wani abin mamakin shi ne, manajan Schmeling na Amurka, Joe Jacobs, cikakken Bayahude ne, kuma Schmeling ya ƙi sallamarsa duk da matsin gwamnatin Nazi. A Nuwamban 1938, daren da aka farfasa shaguna da wuraren ibadar Yahudawa a faɗin Jamus, shi Schmeling ɗin ya ɓoye 'ya'yan wani abokinsa Bayahude su biyu a ɗakinsa na otal a Balin.

A Landan ma ba a tsaya ba. Ted "Kid" Lewis, wanda sunansa na asali Gershon Mendeloff, ya ci kambun kilo 67 a 1915, ya kara da Jack Britton har sau 20, kuma yana cikin na farko da suka fara sa robar kare haƙora. Jack "Kid" Berg na Whitechapel ya karɓe kambu daga hannun Mushy Callahan a 1930, Bayahude daga hannun Bayahude.

Ɓangaren Turai shi ne mai ɗaci. A 1933 hukumar damben Jamus ta kori duk Yahudawa, ta ƙwace kambu biyu na ƙasa daga hannun Erich Seelig, ya tsere. Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai ɗan nahiyarmu ne, Victor Perez, da ake kira "Young" Perez, haifaffen unguwar Yahudawa ta birnin Tunis. A Oktoban 1931, yana ɗan shekara 20, ya kwantar da Frankie Genaro a turmi na biyu a Faris ya zama zakaran duniya na ajin kilo 51. Ya ci duniyarsa da tsinke a birnin, bai koma gida ba da Jamusawa suka mamaye. A 1943 aka kama shi, aka kai shi sansanin Drancy, daga nan sai sansanin gwale-gwale na Auschwitz. A can aka riƙa sa shi dambe da wasu fursunoni don nishaɗin masu gadi. A Janairun 1945, da sojojin Rasha suka matso, aka kora fursunoni a ƙasa cikin ƙanƙara, a wannan tafiya aka harbe shi. Ba shi kaɗai aka yi wa haka ba. Salamo Arouch na Salonika a ƙasar Girka da Harry Haft na Folan duk an sa su irin wannan dambe, inda wanda ya faɗi ba lallai ya ga gobe ba. Su biyun sun tsira. Haft ya isa Amurka ya ɗan taɓa damben kuɗi, wasansa na ƙarshe a Yuli 1949 da wani matashi mai tasowa ne, Rocky Marciano, wanda ya gama da shi a turmi na uku.

To ina suka shige? Ba wanda ya kore su a Amurka, su suka fita da ƙafarsu. A 1924 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta toshe ƙofar shigowa daga gabashin Turai da kudancinta, sai rijiyar da ake ɗebo yara matalauta ta fara ƙafewa. Waɗanda suke ciki kuma suka fara hawa: mai keken ɗinki ya buɗe shagonsa, ɗansa ya shiga kwalejin birnin Niyok wadda ba a biyan kuɗin makaranta a lokacin, bayan yaƙi dokar 1944 ta biya wa tsofaffin sojoji karatu ta kuma sauƙaƙa musu rancen gida. Iyalai suka kwashe daga lungu suka koma bayan gari. Su kansu 'yan damben ba wanda ya so ɗansa ya gaje shi, ai don kada yaron ya sha duka uban ya sha. Kan a kai 1950, ƙananan kulob-kulob na unguwa ma talabijin ta fara kashe su. Gurbin da suka bari 'yan Italiya suka cike, sannan baƙaƙen fata, sannan 'yan Puerto Rico da Meziko, kamar yadda su ma daga hannun 'yan Ayalan suka karɓa. In kana so ka san su wa ke ƙasan tsani a biranen Amurka a kowace shekara, ɗauko takardar jerin wasannin dambe ta shekarar ka karanta sunaye.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce inda zakarun Yahudawa na gaba suka fito bayan yaƙi: Aljeriya ta zamanin mulkin Faransa, inda har lokacin akwai Yahudawa talakawa tilis. Robert Cohen na garin da yau ake kira Annaba ya ci kambun kilo 53 da rabi a Bankok a 1954. Alphonse Halimi na Kusantina, tela ne da ya ɗinka wa kansa tauraron a wando, ya ci wannan kambu a Faris a Afrilun 1957. Kusan wata uku bayan haka, a birnin dai, Hogan Bassey ya doke wani ɗan Aljeriyan, Cherif Hamia, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe kambun duniya.

Sannan fita daga cikin igiya ba barin sana'a ba ne. Da yawansu gefen fage suka koma. Charley Goldman, tsohon ɗan dambe mai karyayyun yatsu, shi ya sassaƙa Marciano. Ray Arcel, wanda ya yi aiki da Leonard da Ross, shi ne dattijon da ka gani a kusurwar Roberto Duran a shekarun 1970, da ta Larry Holmes a 1982. Nat Fleischer ya kafa mujallar The Ring a 1922. Kamfanin Everlast da ke rubuce a ƙugun wandon rabin 'yan damben duniya, Jacob Golomb ne ya kafa shi a 1910. Mike Jacobs ya shirya wasannin Joe Louis, Bob Arum ya fara da Muhammad Ali a 1966. Kada ka ɗauka duk waliyyai ne. Abe Attell, wanda ya daɗe yana riƙe da kambun kilo 57, sunansa ya fito dumu-dumu a badaƙalar sayar da gasar wasan baseball ta Amurka a 1919, kuma masu shirya wasa, ko wane addini suke bi, ba a san su da tausayin ɗan dambe ba. Kada kuma ka bi masu cewa wata maƙarƙashiya ce ta sa suka riƙe harkar. Wanda ya shekara 20 yana shaƙar warin zufa a ɗakin horo, in ƙafafunsa suka gaji, wace sana'a ya sani da ta wuce wannan?

Ɗaya daga cikinsu ma har ƙasarmu ya zo. Jack Solomons, mai sayar da kifi a gabashin Landan kafin ya zama babban mai shirya wasa na Ingila, shi ya haɗa Cassius Clay da Henry Cooper a Wembley a Yunin 1963. A ranar 10 ga Agusta na wannan shekara shi ne dai ya shirya karon Dick Tiger da Gene Fullmer a filin Liberty na Badun, da goyon bayan gwamnatocin Nijeriya, inda Fullmer ya kasa fitowa bayan turmi na bakwai.

Daga nan sai jefi-jefi. Mike Rossman, wanda ya ɗauki sunan gidan mahaifiyarsa, ya doke Victor Galindez a 1978, a daren da Ali ya ƙwato kambunsa daga Leon Spinks a New Orleans. Na baya-bayan nan kuma, duba daga ina suka fito: baƙi ne sababbi daga rusasshiyar Tarayyar Sobiyet, waɗanda suka sauka Brooklyn ba su da ko sisi. Yuri Foreman, haifaffen Belarus, ya ci kambun WBA na kilo 70 a Nuwamban 2009 yana tsakiyar karatun zama malamin addininsu, ya rasa shi ga Miguel Cotto a 2010 yana ɗingishi da gwiwar da ta goce. Dmitriy Salita na Odesa ba ya dambe daga faɗuwar ranar Juma'a har sai taurari sun fito daren Asabar. A Disamban 2009 ya je Newcastle neman kambun Amir Khan, Musulmi ɗan asalin Pakistan. 'Yan jarida suka yi ta ƙoƙarin mayar da abin yaƙin addini, su biyun suka ƙi ba da kai, kowa na girmama ɗan'uwansa. Na tuna mun taru a wani gidan kallo a daren, wani abokina ya fita sayo shayi ana gabatar da 'yan wasa, ya dawo da kofi a hannu ya tarar ana hira da Khan. Sau uku Salita ya faɗi, daƙiƙa 76 aka yi. Yanzu shi ma ya koma gefen fage, shi ke shirya wa 'yar damben Amurka Claressa Shields wasanninta.